Maki Mai Ido

4 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da Gwaggo. Yaya gwiwa? Ina fatan kana shafa man da na aiko, ba ka rabar wa maƙwabta kamar wancan ba. Ni lafiya lau nake, sai ɗan tarin da sanyin ofis ya sa mini.

Tunda ka ce waya ba ta shiga kunnenka, ga wasiƙa. Dama a bakin ƙofa ake karɓe mana wayoyi a zuba a akwati, kuma an rantsar da mu ba za mu ambaci sunan kamfani ko na mutum ga kowa ba. In ka ga ina kewaye-kewaye, ba rainin hankali ba ne.

Ka san dai hukumar da ke binciken kwangiloli ta ari akantoci daga kamfanoni masu zaman kansu na wata shida, nawa kamfanin kuma ya ba da ni. An ajiye mu a ɗakin ƙarƙashin bene, ba taga ko ɗaya. Fitila fara fat daga safe har yamma, na'urar sanyi tana gurnani, in ba ka duba agogo ba ba za ka san rana ta yi ba. Mu biyu ne a ciki, ni da wani akanta daga wani kamfanin da muke kira Dogo. Akwai kuma wata tsohuwa mai ajiyar fayil, Iya Mai Makullai, wadda takalminta ba ya ƙara. Sai dai in ɗago kai in ga fayil a gabana, ita kuwa har ta kai ƙofa.

Babban abin da suke tsoro a nan shi ne kada ɗan aro ya binciki abin da yake da hannu a ciki. Ranar farko aka ba mu fom mu lissafa duk kamfanin da muka taɓa yi wa aiki. Kowa da kalarsa, ni shuɗi, Dogo ja. Duk fayil ɗin da ya shafe ni an manna masa shuɗin sitika, Iya ba za ta ko wuce da shi ta gaban teburina ba. Wanda aka kama ya ɓoye wata alaƙa, lasisinsa ya tafi, kuma kotu na jiransa don rantsuwar ƙarya. A ƙarshen kowane wata ana sake sa hannu.

A fom ɗin akwai layin dangi: uba, uwa, miji, 'yan'uwa na ciki ɗaya. A layin uba na rubuta marigayi. Na duba sama da ƙasa ban ga inda zan sa ɗan wan kakata ba, wato kai, duk da a ofishinka na koyi riƙe biro. Na tambayi Shugaba, mai kula da binciken, ya ce dangi na nesa ba dole ba ne, sai in har yanzu suna aiki. Na ce shekara biyar ke nan da rufe ofishinka. Ko akwai wani ɗan aikin da ka taɓa bayan nan da ya kamata in sani?

A gaishe da Gwaggo.

'Yarki, af, 'yarka.

*

15 ga Fabrairu

Uwar Tambaya,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta, man kuwa Gwaggonki ta ƙwace shi ta ce nata bayan ya fi tsufa. Ki riƙa sa rigar sanyi a ramin nan da suka zuba ku.

To, yau ga 'yata tana binciken gwamnati, har ta fara da ni! Wane aiki kike so in taɓa, ni da hawa matakalar baranda ke zame mini tafiyar yini? Ki bar ni a inda fom ya bar ni. Mutumin da ba shi da layi ai ya huta.

Abin da zan tuna miki ɗaya ne, wanda na faɗa miki ranar da mahaifiyarki ta kawo ki ofishina kina 'yar shekara goma sha tara. Maki iri biyu ne. Maki zalla yana nufin na duba takarda ta yi daidai da takarda. Maki mai ɗan da'ira a kansa, wanda muke kira mai ido, yana nufin na tashi, na je, na ga kayan da idona. Ni na ƙirƙiro shi, ke kaɗai na koya wa, kuma da koren biro ake yinsa. Kada ki sa ido a kan abin da ba ki gani ba, ko da Shugaban naku ne ya tsaya a kanki.

Ga nawa nan a ƙasa kamar kullum, shaidar na karanta wasiƙarki da idona.

Kawunki.

*

9 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan jikin da sauƙi. Tarina ya tafi, amma ba lafiya nake rubuto maka ba.

Mako guda da ya wuce Iya ta ajiye mini wani kwali. Tun kafin in buɗe na ji ƙauri. Fayil ne na wani kamfani da aka ba kwangilar sa tukwanen kashe gobara a makarantun kwana. Bara wuta ta tashi a kicin ɗin ɗaya daga cikinsu. Matar da ke dafa wa yara abinci ta ciro tukunya daga bango ta matsa, babu abin da ya fito. Ta ciro ta biyu, haka. Da buhu ta kashe wutar, yaran sun tsira, ita kuwa hannayenta biyu ba su ƙara moruwa ba. Wasu takardun daga sito na makarantar aka kwaso su, gefensu duk ya babbake. Warin ya kama ɗakinmu, har a mayafina nake jinsa in na koma masauki.

A cikin kwalin akwai takardun ƙirga, shafi ashirin, inda wani akanta ya tabbatar an kai tukwane ɗari huɗu cike. Shafin ƙarshe mai ɗauke da sa hannu babu shi, an yage. Kawu, a gaban kowace tukunya akwai koren maki mai ido.

Idanu ɗari huɗu a jere suna kallona, kuma hannuna ne. Yadda nake karkata makin, yadda nake ɗora da'irar, duka. Na ɗauko takardar da na yi aiki a kanta da safen nan na ajiye a gefe, ban ga bambanci ba. Ban taɓa jin sunan kamfanin nan ba, na rantse a fom ban san shi ba, babu shuɗin sitika a jikinsa.

Sai na duba kwanan wata. Shekara uku da suka wuce ne, watan Yuni. Ka tuna lokacin. Watannin nan ne bayan jaririna ya koma, da maigidana ya kawo ni gidanka don in huta. Ni ba na iya tuna komai na lokacin sai barandarka da tabarma. Na san dai kana ba ni takardu in yi ta yi musu maki don hankalina ya bar tunani. Waɗanne takardu ne ka riƙa ba ni?

Dogo ya leƙo ta kafaɗata jiya, ya kalli fayil, ya kalli aikina, ya koma wurinsa. Tun daga nan bai ƙara tambayata ko zan sha shayi ba. Ina jin tsoro, Kawu. Ƙarshen wata zan sake sa hannu a fom. Ka amsa mini da wuri.

'Yarka.

*

2 ga Afrilu

Ɗiyata,

Muna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, da kuma ganin wannan a buge da tafireta. Na ciro tsohuwar ne don ta sha iska.

Na karanta abin da kika rubuta. Ki kwantar da hankalinki. Da'ira a kan maki ba wani abin mamaki ba ne, duniya da faɗi, wani ma zai iya yi. Takardun da na riƙa ba ki kuwa, shekara uku ba kwana uku ba, ni ma tsufa ya fara cin kaina. Mutane kan kawo mini 'yan abubuwa su ce in duba musu. Ba zan iya rantsuwa a kan abin da ya bi ta barandar nan da wanda bai bi ba.

In ma a ce hannunki ne, kowa ya san halin da kike ciki a lokacin. Takardun asibitinki suna nan a akwatin Gwaggonki. Babu mai hankalin da zai kama marar lafiya da laifi. Shawarata ki yi shiru, ki gama wata shidanki ki fito. Fayil nawa ne suka tsufa a irin wannan ɗakin ba wanda ya ƙara buɗe su?

Gwaggonki tana gaishe ki.

Kawunki.

*

20 ga Afrilu

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Wasiƙarka ta zo bayan ƙarshen wata ya wuce. Na jira ta har ranar sa hannu, ba ta zo ba, na sa hannu a fom ɗin yadda yake. Wato yanzu na yi rantsuwa a kan abin da nake shakka, da sanina.

Da na karanta ta sai na gaskata ni ce. Na yi makonni ina kallon hannuna kamar na aro. In na buɗe kwalin nan sai in ga matar da ban taɓa gani ba tana matsa tukunya, ni kuma ina zaune a tabarmarka ina zana mata idanu. Abinci ya daina shiga. Na rubuta takardar amsa laifi zuwa ga Shugaba, na sa a jaka, ina jiran ƙarfin halin miƙawa. Ashe Dogo ya riga ni kai maganar wurin Shugaba. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Shugaba ya kira ni, ya ajiye shafi ɗaya na fayil da shafi ɗaya na aikina a tebur, ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wannan watan in gaya masa hannun wane ne. An ɗauke kwalin daga gabana, an manna masa shuɗi.

Ranar da Iya ta zo ɗauka, ta tsaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Wata uku muna tare ban san muryarta ba sai ranar. Ta buɗe shafin farko ta sa yatsa ta ce, "'Yar nan, shekara talatin ina jera takardun mutane. Naki idon yana rufewa. Wannan ba ya rufewa." Ta miƙo mini gilashin da take duba ƙananan lambobi da shi. Na duba. Kowace da'ira akwai 'yar kafa ta gefen hagu, inda biro ya zo zai haɗe sai ya kauce. Na bi shafi ashirin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya tana tsaye. Duk ɗari huɗun a buɗe suke.

Da na koma masauki na ɗauko wasiƙarka ta Fabrairu. Na kai ta bakin taga. Makin da ka sa mini a ƙasa, shaidar ka karanta da idonka, yana da kafar nan ta gefen hagu. Sai na tuna yadda kofin shayi ke kaɗawa a hannunka tun kafin zamana a barandarka, kana cewa zafi ne. Sai na gane dalilin da tafireta ta fito shan iska, da dalilin da wasiƙarka ta biyu ta zo ba maki.

Ban yi fushi don ka yi makin ba, ko kuma na yi amma wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne akwatin Gwaggo. Ka san ba ni ba ce, ka ɗauko mini takardun asibiti ka ce in fake da su. Ka ɗauki watannin da na fi kowane lokaci rauni a rayuwata, waɗanda kai ka yi jinyata a cikinsu, ka ce in saka su kamar riga in tsaya a gabanka.

Saura kwana goma. Ban gaya wa Shugaba komai ba tukuna. Ban san me nake jira ba.

Ni ce.

*

26 ga Afrilu

Ɗiyata,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san abin da na yi mata. Da hannu nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Ni ne. Duk ɗari huɗun. Takardun da na riƙa ba ki a baranda tsofaffin rasitai ne na ofishin da na rufe, ba su da amfanin komai. Ba ki taɓa ko gefen takardar kamfanin nan ba.

Ga yadda aka yi. Bayan na rufe ofis, shekara biyu babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata don aiki. Sai ga mutane biyu da mota mai kyau, suna ranka ya daɗe, suna cewa sun ji babu ƙirgar da ake yarda da ita kamar tawa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba, daɗin ya fi kuɗin. Makarantu goma sha ɗaya ne, kowace da bene. Na je ta farko, na hau hawa ɗaya, gwiwa ta ƙi. Suka ce kada in wahalar da kaina, ga hotuna, ga takardun direba. Na ce zan sa makin yanzu, in na ji sauƙi in zagaya in gani. A ɗakina na yi su cikin yini biyu, ƙofa a rufe, kina kwance a baranda. Shafin sa hannun ban san wanda ya yage shi ba, amma da na ji daga wasiƙarki cewa babu shi, na yi hamdala. Wannan ma ki sani.

Labarin matar nan ban taɓa ji ba sai a wasiƙarki. Tun ranar ban ƙara iya kallon Gwaggonki tana hura wuta ba. Duk da haka na zauna na buga miki waccan wasiƙar. Na gaya wa kaina ke yarinya ce, za a tausaya miki, ni kuwa sunana ne kaɗai ya rage mini. Ba ni da uzuri a kan wannan.

Shekaranjiya na ɗauki hayar mota na je makaranta mafi kusa da mu. Na ce wa mai gadi ni tsohon akanta ne na zo ƙirga, ya ga furfura ya bar ni. Na hau benen da gindi, matakala ɗaya-ɗaya, yara suna leƙe suna dariya. A takardata na sa tukwane talatin da shida a makarantar. Na samu tara. Na ɗaga kowace, ba nauyi, kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Ɗaya tana rataye daidai kan gadon wata yarinya, ta ɗaure igiyar shanya a wuyan tukunyar. Na gaya wa shugabar makarantar kafin in fito, ta ce za ta sa a kawo na gaske a makon nan.

A cikin ambulan ɗin nan akwai takarda ta biyu zuwa ga Shugabanku, da cikakken sunana, da sunayen mutanen biyu, da ƙirgar shekaranjiya. Na yi maki tara, masu ido, ya gwada da na fayil. Ki miƙa masa. In suna so in zo, su turo mota mai ƙaramin mataki.

Kada ki rage komai don ni. Abin da na koya miki daidai ne, ko da mai koyarwar bai bi ba.

Kawunki, in har yanzu kina kirana haka.

*

1 ga Mayu

Kawu,

Yaya gwiwa bayan hawan benen? A dafa ruwa a gasa maka, kuma ka karɓo man nan daga hannun Gwaggo.

Wasiƙarka ta iso ranar ashirin da tara. Jiya na miƙa wa Shugaba takardarka, tare da tawa, inda na faɗi cewa a ƙarshen Maris na sa hannu alhali ina da shakka ban faɗa ba. Ya karanta duka biyun a tsaye. An cire ni daga binciken, yau zan koma kamfaninmu, kuma kwamitin lasisi zai zauna a kaina wata mai zuwa. Ya ce mai yiwuwa a tsaya a gargaɗi, amma bai yi alkawari ba. Ya kuma sa a zagaya sauran makarantu goman a makon nan. Kai kuma za su zo ranar Talata, mutum biyu. Dogo ne zai karɓi kwalin.

Ban yafe ba tukuna, Kawu. Ina so, amma in na ce na yi, na sa ido ke nan a kan abin da ban gani ba. Ka ba ni lokaci.

Kafin in fito sai da aka ce in cika fom na ƙarshe, da gyara. Na sake dubawa sama da ƙasa, har yanzu babu layin ɗan wan kaka. Na tambayi Shugaba inda zan sa ka, ya ce in sa ka inda ya fi kusa da gaskiya. Iya tana tsaye da makullanta tana jiran ta rufe ɗakin. Na ja layi a kan marigayi, na rubuta sunanka a layin uba.

Zan iso ranar Litinin da yamma. Ba zan zauna a ɗakin da za su yi maka tambayoyi ba, doka ta hana, kuma daidai ne. Zan zauna a baranda. Ka ce wa Gwaggo ta fito mini da tabarmar.

'Yarka.